"Zuciya Ta Tsaya" Ba Sunan Ciwo Ba Ne

  

Ni malamin asibiti ne, a nan hayin kudu na kogin Kaduna nake aiki, yau shekara 20 da 'yan kai. Mutanen Kakuri da Makera, da Nasarawa da Barnawa, da Narayi har Sabon Tasha, babu waɗanda ban taɓa duba nasu ba. Yau zan yi muku magana a kan wata 'yar takarda, watau wadda likita yakan rubuta sa'ad da mutum ya rasu, ko kuwa sa'ad da zuciyarsa ta tsaya aka yi sa'a aka farfaɗo da shi. Takardar ƙarama ce, amma ran waɗansu mutane yana rataye a jikinta.

In ka je gaisuwar mutuwa ka tambaya, "Me ya same shi?" sau da yawa sai a ce maka, "Ai zuciyarsa ce ta buga," ko kuwa, "Zuciya ce ta tsaya." Sai kowa ya ce Allah ya jiƙansa, a tashi. To, jama'a, ku yi tunani kaɗan. Tun da aka yi duniya, akwai wanda ya mutu zuciyarsa tana aiki? Wanda mota ta buge, zuciyarsa ta tsaya. Wanda maciji ya sara, ita ce ta tsaya. Tsohon da ya cika shekara 100, shi ma haka. Ashe tsayawar zuciya ƙofa ce wadda kowa zai bi, ba ta gaya mana hanyar da ta kawo mutum bakin ƙofar. Musulmi da Kirista duk mun yarda ajali na Allah ne. Amma kuma duk mun san ruwa ba ya tsami banza. Kowace mutuwa da sanadinta, sanadin nan kuwa shi muke nema mu rubuta.

AKWAI WUTA, BABU BUGU

Bari in fara gaya muku yadda zuciya ke aiki. Ku ɗauki misalin gidan da ke da rijiyar burtsatse da injin ɗaga ruwa zuwa tanki. Abu biyu ake bukata kafin ruwa ya hau sama. Na ɗaya wutar lantarki, na biyu injin da ruwan da zai tura. Zuciya ma haka take. Tana da 'yar wutar lantarki ta kanta wadda ke ba ta umurni, sa'an nan naman zuciya ya matse ya tura jini cikin jijiyoyi. Turawar nan ita ce kake ji in ka ɗora yatsa a wuyan hannu ko a gefen maƙogwaro, ita muke kira bugun jini. A jikin babban mutum mai lafiya yakan buga sau 60 zuwa 100 cikin minti ɗaya.

Wutar nan ana iya ganinta. Wani masani mutumin Holan, Willem Einthoven, shi ya gyara na'urar da ke zana ta a shekarar 1903, har aka ba shi kyautar Nobel a 1924. Jikanyar na'urarsa ita ce 'yar talabijin ɗin nan da kuke gani a gefen gadon mai ciwo mai tsanani, koren zane yana hawa yana sauka.

Zuciya takan tsaya iri uku. Wani lokaci wutar ce takan rikice, naman zuciya ya riƙa karkarwa ba ya tura kome. Wannan shi ne wanda ake ɗora wa mutum na'ura a ƙirji a ba shi girgizar lantarki, kamar yadda kuke gani a fim. Wani lokaci wutar takan ɗauke ƙaf, zanen ya miƙe sambal. Na uku shi ne abin maganarmu yau. Wuta tana nan, zane yana tafiya kamar na mai rai, amma ka taɓa wuya ba ka jin kome. An kawo wuta, ƙwai yana ci, tanki kuwa ko ɗigo. Likitoci sukan taƙaita sunansa da haruffa uku, PEA. Mu kira shi da Hausa, akwai wuta babu bugu.

Wannan iri na uku, girgizar lantarki ba ta yi masa amfanin kome, gama wutar ba ita ce ta lalace ba. Don haka in kun ga likita bai ɗauko na'urar girgiza ba, kada ku ce ya yi sakaci. Abin da ake yi shi ne a danna ƙirji ba tsayawa, a ba da iskar oksijin, a yi allurar adirinalin cikin jijiya kowane minti 3 zuwa 5, sa'an nan a nemi sanadi da gaggawa a gyara shi. Gaskiya ita ce, waɗanda ke tashi daga wannan iri ba su kai na irin farko yawa ba. Waɗanda suka tashi kuwa, galibi an gane sanadin da wuri ne.

ME KE HANA RUWA HAWA?

Mu koma wurin injinmu. In akwai wuta amma babu ruwa a tanki, ɗayan abu huɗu ne ya faru.

Na farko, rijiya ta ƙafe. Watau jini ko ruwan jiki ya ƙare. Wannan shi muka fi gani a nan. Mace ta haihu a gida jini ya ɓalle. Ɗan acaba ya faɗi a kan hanyar Abuja ko ta Kachia, a waje ba rauni sosai, jini kuwa yana zuba a cikin ciki. Ko kuwa amai da gudawa sun tsotse mutum.

Na biyu, bututu ya toshe. Gudan jini yakan taso daga jijiyar ƙafa ya je ya tokare hanyar huhu, musamman ga wanda ya daɗe kwance, ko mai jego, ko wanda aka yi wa aiki. Yakan kuma toshe jijiyar da ke ciyar da zuciyar kanta.

Na uku, an danne injin. Ruwa ko jini yakan taru cikin jakar da zuciya ke ciki ya matse ta, kamar yadda tarin fuka kan jawo, ko sukar wuƙa. Haka kuma in huhu ya huje, iska takan taru cikin ƙirji ta danne kome.

Na huɗu, abin da injin ke sha ya ɓaci. Mutum ya rasa iska don ya nutse a kogi, ko abu ya shaƙe shi, ko ya kwana da janareta a cikin ɗaki. Ko ƙoda ta gaza, wani gishiri da ake kira fotashiyam ya yi yawa cikin jini. Ko ya sha guba, ko maganin ƙwari, ko ƙwayoyi fiye da kima.

Kun ga kowane ɗaya da maganinsa dabam. Na farko jini ko ruwa za a ƙara. Na uku allura za a soka a fid da iska ko ruwan. Likita yana da 'yan mintoci kaɗan ya zaɓa, mai ciwo kuwa ba ya magana. Wa zai gaya masa? Ku ne, 'yan'uwan da kuka kawo shi.

ABIN DA YA FARU DA NI

Sa'ad da nake sabon shiga aiki, wani dare da damina aka kawo mana wani magidanci a cikin tasi. Ƙanensa ya ce, "Faɗuwa kawai ya yi." Muka ɗora masa na'ura, zane ya fito. Ƙanen ya ce, "Ga shi nan da ransa!" Likita ya taɓa wuya, babu bugu. Muka danna ƙirji, muka yi allura, muka yi iyakar ƙoƙarinmu wajen rabin sa'a, Allah bai nufa ba.

Ni aka bar wa cika littafin ɗaki. Na rubuta, zuciya ta tsaya, na kai wa likita. Ya duba, ya miƙo mini, ya ce, "Malam, wannan ai ni ma na gani. Me ya tsai da ita? Koma ka tambaya."

Na fita na tarar da matar marigayin zaune a baranda. Na durƙusa na ce, "'Yar'uwa, sannu da haƙuri. Don Allah ki gaya mini, jiya yaya ya kwana?" Ta yi shiru. Can ta ce, "Likita, abin kunya ne." Ashe tun daren jiya yake gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, ga amai. Gidan haya suke, masai ɗaya, rijiya ɗaya, sun ji tsoro kada maƙwabta su guje su. Na ce, "Akwai wani mai irin wannan a gida?" Ta ce yara biyu sun fara da la'asar.

A daren nan aka ɗauko yaran aka sa musu ruwa, suka rayu. Likita ya rubuta kwalara a takarda, aka sanar da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma, suka je suka zuba magani a rijiyar. Ban ce da an faɗa mana tun farko lalle mahaifinsu zai tashi ba, wannan sanin Allah ne. Amma da mun buɗe jijiya biyu mun kwarara masa ruwa tun shigowarsa. Da kuma an bar abin da na rubuta, da yaran nan sun kwana a gida. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kwalara ba wasa ba ce, a shekarar 2021 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000.

YADDA AKE RUBUTAWA

A makarantar mishan inda na yi karatu, Sista ba ta karɓar aikin da ba a sa masa kwanan wata ba, ko da ka ci duka. A lokacin muna ganin tsanani ne. Da na shiga asibiti na gane. Baki yakan manta, ya kuma ƙara gishiri, takarda kuwa yadda ka bar ta haka za ka same ta.

In zuciyar mutum ta tsaya, ga abin da ya wajaba a samu a cikin fayil ɗinsa. Ƙarfe nawa ya faɗi, akwai wanda ya gani ko tarar da shi aka yi. Ƙarfe nawa aka fara danna ƙirji, wa ya fara. Wane irin zane na'ura ta nuna da fari, cikin ukun nan da na faɗa. Wace allura aka yi, nawa, ƙarfe nawa. Ƙarfe nawa bugu ya dawo, ko ƙarfe nawa aka haƙura. Sa'an nan babban abu, mene ne sanadi. 'Yan'uwana ma'aikata da ke saurare, wannan naku ne. A sa mutum ɗaya ya riƙe agogo da biro tun daga farko, gama bayan an gama ba mai iya tuna mintoci.

Takardar shaidar sanadin mutuwa, irin wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, tana da layuka kamar matakalar tsani. A layin sama akan sa abin da ya zo ƙarshe, a ƙarƙashinsa abin da ya jawo shi, har a kai tushe. Na magidancin nan, a sama aka sa ƙarewar ruwan jiki, a ƙasa kwalara, da tsawon lokacin kowanne. Tushen nan shi ake ƙirgawa. Hukumar ta gargaɗi likitoci kada su tsaya a kan cewa zuciya ta tsaya ko numfashi ya ɗauke, gama wannan yadda aka mutu ne kurum.

LAMBAR KOWANE CIWO

Daga hannun likita fayil yakan wuce ɗakin kati. A can akwai akawu mai wani babban littafi wanda ya ba kowane ciwo lambarsa, kamar yadda kowace mota ke da tata. Amfanin lamba shi ne, likitan Kaduna da na Kano da na Ingila, kowa da harshensa, amma lamba ɗaya suke karantawa. Wani Bafaranshe, Jacques Bertillon, shi ya tsara jerin da aka amince da shi a birnin Shikago na Amurka a 1893. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi aikin a 1948. Ana kiran littafin ICD.

Bugu na 10 an amince da shi a 1990, aka fara aiki da shi a 1994. A cikinsa kwalara A00 ce, zubar jini bayan haihuwa O72, gudan jini a huhu I26. Tsayawar zuciya I46 ce. In an farfaɗo da mutum I46.0, in ba a fayyace kome ba I46.9. Irin namu na akwai wuta babu bugu ba shi da lambar kansa a wannan bugu, cikin I46.9 yake faɗawa. Amurkawa, a nasu tsarin da suka fara aiki da shi a 2015, sun raba. I46.2 in ciwon zuciya ne ya jawo, I46.8 in wani ciwo ne dabam, kuma tilas a fara sa lambar sanadin kafin ta tsayawar zuciya.

Bugu na 11 an amince da shi a 2019, ya fara aiki ran 1 ga Janairu, 2022. A nan an ba irin namu lambarsa, MC82.3. Har wa yau an ɗauke tsayawar zuciya daga babin cututtukan zuciya da jijiyoyi, aka mai da ita babin alamomi. Kun ji, littafin kansa ya yarda alama ce.

Amma ku lura. Akawu ba shi da ikon sa lambar abin da likita bai rubuta ba. Likita kuma ba ya rubuta abin da bai gani ba, ba a kuwa gaya masa ba. In kun ɓoye, likita ya rubuta zuciya ta tsaya, akawu ya sa I46.9, lissafi ya tafi Ma'aikatar Lafiya. Sai a duba a ga babu kwalara a unguwarku, babu matan da jini ya kashe. Wa zai aiko muku da maganin rijiya? Wa zai ce a ajiye jini a asibitinku?

Ga misali daga Zariya. Wajen shekarun 1970, likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka bi fayil na mata fiye da 200 waɗanda zuciyarsu ta raunana bayan haihuwa. Don an rubuta kwanan haihuwa da garin kowacce da abin da ta yi lokacin jego, suka gane ciwon yana da yawa ƙwarai a ƙasar Hausa, suka kuma zargi wankan jego da kwanciya kan gadon wuta da kunun kanwa. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka sake bincike, suka nuna talauci da ƙarancin wani sinadari na abinci mai suna seleniyam suna da hannu a ciki. Na baya ya gyara na gaba, don na gaba ya bar rubutu. Da cewa aka yi kurum zuciyarsu ta tsaya, da har yau muna cikin duhu.

Daɗin daɗawa, takardar tana da amfani ga iyali. Dokar ƙasa mai lamba 69 ta 1992 ta wajabta a yi rajistar haihuwa da mutuwa a wurin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ku tambayi matan da mazansu suka yi aiki a masaƙun Kakuri suka rasu. Banki da ofishin fansho da kotun rabon gado, takarda suke tambaya. Ko yau za a yi jana'iza, ko za a kai gawa ɗakin ajiya sai 'yan'uwa sun taru daga ƙauye, a sa mutum ɗaya ya tsaya ya karɓi takardar likita.

ABIN DA ZA KU YI

In babban mutum ya faɗi a gabanku, ga abin yi.

1. Ka girgiza kafaɗarsa ka kira shi. In bai amsa ba, ba ya kuma numfashi, ko kuwa yana ɗan shaƙuwa jefi-jefi kamar kifin da aka fid da shi daga ruwa, ka ɗauka zuciya ta tsaya. Kada ka ɓata lokaci wajen neman bugun jini.

2. Ka yi kururuwa a zo. Wani ya nemo mota, ko ya buga lambar gaggawa, 112. Wani ya dubi agogo ya riƙe lokacin.

3. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba kan katifa ba. Ka ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a bisa, ka danna ƙasa kamar inci 2, sau 100 zuwa 120 cikin minti ɗaya. In ka gaji wani ya karɓa. Kada a tsaya, ko a cikin mota. Tun 1960 likitocin asibitin Johns Hopkins na Amurka suka nuna hannu kaɗai yana iya tura jini zuwa ƙwaƙwalwa. Ita kuwa ƙwaƙwalwa, in ta rasa jini minti 4 zuwa 6, ta fara lalacewa.

4. Kada a ɗura masa ruwa ko madara ko manja. Kada a cusa masa cokali a baki. Kada a tsaya yayyafa ruwa da fifita.

5. Ku tafi da katin asibitinsa da kwalayen duk maganin da yake sha, har na gargajiya. In kwalbar guba kuka gani kusa da shi, ku ɗauko ta.

6. A bar wanda ya san abin da ya faru ya yi magana, ko da mace ce, ko da yaro ne. Ku faɗi gaskiya duka. Cikin da aka zubar, giya, ƙwaya, gudawa, duka. Mu ba alƙalai ba ne, asirinku kuwa amana ne a wurinmu.

7. In Allah ya yi ikonsa, ku tambayi likita cikin ladabi, "Me ya tsai da zuciyar?" In ya ce bai sani ba, ya faɗi gaskiya, akwai ma lambar wannan a littafin, R99. Gara a rubuta ba a sani ba da a rubuta ƙarya. Ku kuma tambaya ko akwai abin da sauran mutanen gida za su kiyaye.

Rigakafi dai ya fi magani. Mai gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, watau lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a kuma kai shi asibiti. Mai ciki ta je awo, ta haihu inda akwai ungozoma ta asibiti. Janareta ya kwana a waje. Wanda ya haura shekara 40 ya riƙa zuwa ana auna masa hawan jini.

To, jama'a, nan zan dakata. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiya sauƙi, mu kuma ya ƙara mana lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.